Sharhi kan systemd-journald: gwani ne wajen karɓar saƙo, amma bai isa ma'ajiya shi kaɗai ba

Manhajar da ke aiki a bayan fage, kamar wadda ke rarraba wasiƙun imel ko wadda ke ɗauke da shafin intanet, ba ta da allon da za ta nuna wa mutum kokenta, don haka idan ta ci karo da matsala abin da kawai take iya yi shi ne ta rubuta saƙo ta miƙa wa babbar manhajar kwamfuta, ita kuma ta shigar da shi cikin rajista. A yawancin nau'o'in Linux na yau, daga Fedora da Red Hat har zuwa Debian da Ubuntu, mai karɓar waɗannan saƙonni shi ne systemd-journald, umarnin da ake karanta rajistar da shi kuma journalctl. Ba a sayen su da kuɗi, kuma ba a tambayar mutum ko yana son su, domin tare suke zuwa da tsarin. Saboda haka abin da ya kamata mai kula da na'ura ya tambayi kansa shi ne ko journald ya isa a dogara da shi shi kaɗai. Na daɗe ina aiki da shi a kan ƙananan na'urorin ofis, kuma hukuncina shi ne ban ga abin da ya fi shi wajen karɓar saƙo daga manhaja ba, amma wajen adana tarihi na dogon lokaci da aika shi wata na'ura yana buƙatar mataimaki.

Ba za a gane abin da ya zo gyarawa ba sai an waiwayi syslog, tsohon tsarin rajistar saƙonni, wanda Eric Allman ya rubuta a shekarun 1980 domin manhajar wasiƙu ta Sendmail, sauran manhajojin Unix kuma suka rungume shi har ya zama al'ada tun kafin a rubuta masa ƙa'ida. Sai a 2001 aka fitar da takardar RFC 3164, ɗaya daga cikin takardun ƙa'idojin intanet, wadda ita ma bayani ne kawai na yadda mutane suka saba yi, sannan a 2009 RFC 5424 ta Rainer Gerhards, marubucin rsyslog, wata manhajar karɓar saƙonnin syslog, ta zo da tsari na sosai. A tsohon salon, saƙo layi ɗaya ne wanda bai kamata ya wuce bayit 1024 ba, da lamba a farkonsa, sai lokaci, sai sunan na'ura, sai sunan manhaja, sai maganar kanta. Lambar ta haɗa rukunin da saƙon ya fito, daga 0 zuwa 23, da matakin tsananinsa, daga 0 mai nufin na'ura ta durƙushe zuwa 7 na bayanan da mai gyaran manhaja ne kaɗai ke buƙata. Ana ninka rukuni sau 8 a ƙara mataki, don haka kuskure mai mataki 3 daga rukunin local0, wanda lambarsa 16 ce, zai fito da 131. Sauƙin nan ne ya sa tsarin ya daɗe, amma lokacin da yake rubutawa babu shekara kuma babu yankin agogo, sannan abin da ya fi muni, duk abin da ke kan layin mai aikowa ne ya faɗa, babu mai tantancewa.

Lennart Poettering da Kay Sievers, waɗanda a lokacin suke aiki da Red Hat, sun gabatar da journald a ƙarshen 2011, ya kuma shiga systemd, manhajar da ke tayar da ayyukan na'ura tana kula da su, a fitowa ta 38 a farkon 2012. Abu na farko da ya cancanci yabo shi ne bai tilasta wa kowace tsohuwar manhaja ta sauya halinta ba. Wadda ta saba kiran syslog ta ɗakin karatun C, wato tarin shiryayyun umarni na harshen shirye-shirye na C, tana ci gaba da rubutawa a `/dev/log` kamar kullum, sai dai yanzu journald ne ke sauraro a can. Saƙonnin kanel, wato zuciyar Linux, yana ɗebo su daga `/dev/kmsg`. Yana da tasa ƙofar ta musamman ga manhajar da aka rubuta dominsa. Sannan akwai ƙofar da ni na fi jin daɗinta, wadda ita ce mafi sauƙi: duk manhajar da systemd ya tayar, abin da ta buga a mafitarta ta yau da kullum ko mafitar kuskure yana faɗawa cikin rajista kai tsaye.

Wannan ƙofa ta ƙarshe ta sauya yadda ake rubuta ƙananan manhajoji. A da, wanda ya rubuta ɗan shirin da zai riƙa kwafe bayanan ofis kowane dare sai ya yi tunanin fayil ɗin da zai riƙa rubutawa, da wanda ke da izinin buɗe shi, da yadda za a riƙa datse shi kada ya cika faifai, kuma da yawa ba sa yin wannan tunanin sai faifan ya cika. Yanzu ya isa ya buga saƙonsa kamar yana magana da allo, lokaci da sunan aiki da lambar aiki duk journald zai liƙa. Har saƙon da manhaja ta yi kafin ta gama tashi, ko ihun da ta yi lokacin da take faɗuwa, waɗanda a da sukan yi ɓatan dabo, yanzu ana samun su.

Sai dai sauƙin yana da tarkuna, kuma takardun bayani ba su jera su wuri ɗaya ba. Duk layin da ya shigo ta wannan hanya ana ba shi mataki 6, wato labari kawai, ko da ta mafitar kuskure ya fito, ta yadda mai neman kurakurai da `journalctl -p err` zai ga rajista fes alhali manhajarsa tana ta kuka. Maganin shi ne a sa lambar mataki tsakanin alamomin kusurwa a farkon layi, misali `<3>` kafin saƙon kuskure, journald zai cire ta ya ba saƙon matakin da ya dace. Shirye-shiryen Python kuma sukan tara abin da suka buga su riƙe idan suka lura ba allo ne a gabansu ba, sai saƙonni su iso a makare, dunƙule guda, da lokacin da bai dace da aukuwar abin ba, har sai an tayar da shirin da `-u` ko an saita `PYTHONUNBUFFERED`. Dogon bayanin kuskure mai layuka da yawa shi ma ana yanka shi, kowane layi ya zama saƙo mai zaman kansa, idan kuma manhajar tana yin ayyuka da yawa a lokaci guda sai layukan su cakuɗe. Wanda ke son bayanin ya zauna wuri ɗaya dole ya bi ta ƙofar musamman.

Akwai wani tarkon da na ga ya cinye wa wani matashin mai rubuta manhaja yini guda, kuma ya dace a nuna shi dalla-dalla. Ya yi amfani da `SysLogHandler` na Python ba tare da ya ba shi adireshi ba, shirin ya gudana lafiya, babu ƙorafi ko ɗaya, amma rajista ba ta nuna komai ba. Dalili shi ne idan ba a faɗa masa inda zai aika ba, yana jefa saƙon ne ta UDP, wata hanyar aika bayanai tsakanin na'urori, zuwa tasha ta 514 ta na'urar kanta, journald kuwa ba ya sauraron wannan tasha sam, UDP kuma ba ta dawowa ta ce saƙo bai isa ba. Da aka rubuta `address="/dev/log"` nan take saƙonni suka fara bayyana. Laifin ba na journald ba ne kai tsaye, amma ya nuna cewa maye gurbin syslog da ya yi bai cika ba, kuma zan dawo kan wannan giɓi.

Inda journald ya yi wa tsohon tsari fintinkau shi ne tantance mai aikowa. A ƙarƙashin syslog na gargajiya, kowane mai amfani da na'ura, komai ƙanƙantar izininsa, zai iya rubuta `logger -t sshd "Accepted password for root"`, layin kuma ya zauna cikin fayil daidai da na gaskiya, ba mai iya bambance su. A journald ma layin zai fito da sunan sshd, manhajar da ke karɓar masu shiga na'ura daga nesa, idan aka kalle shi sama-sama, amma da zarar an ƙara `-o verbose` sai asiri ya tonu, domin kowane saƙo tarin gurabe ne, kuma guraben da sunansu ya fara da ƙaramin layin ƙasa, irin su `_PID` da `_UID` da `_EXE` da `_SYSTEMD_UNIT`, ba mai aikowa ne ke cika su ba. Lambar aiki da lambar mai amfani kanel ne da kansa ke miƙa su tare da saƙon. Journald yana aiki ne kamar magatakardan da ba ya wadatuwa da sunan da ke kan takarda sai ya ɗaga kai ya dubi fuskar wanda ya kawo ta. Ga wanda ke binciken kutse, wannan kaɗai ya isa dalilin barin sa a bakin ƙofa.

Guraben nan ne kuma suka sa bincike ya yi daɗi. `journalctl -u` da sunan aiki yana ware saƙonnin aiki ɗaya, `-b -1` yana nuna abin da ya faru a kunnawar da ta gabata, `--since` da `--until` suna yanko tsakanin lokaci biyu, `-f` yana bin saƙonni yayin da suke shigowa, `-k` yana ware na kanel, ana kuma iya haɗa su a umarni ɗaya. Duk wanda ya taɓa buɗe matsattsun fayiloli ɗaya bayan ɗaya yana laluben abin da ya faru daren Talata da ƙarfe biyu zai san darajar wannan. Mai rubuta manhaja ma yana iya ƙirƙiro nasa gurbin ta hanyar `sd_journal_send` a C, ko `JournalHandler` a Python, ko `logger --journald` daga layin umarni, ya sa lambar rasiti ko lambar reshe a gurbi na daban, daga baya ya nemo duk saƙonnin da suka shafi rasiti ɗaya ba tare da ya tsaya tsinke jimloli ba. Kowane saƙo yana ɗauke da lokaci iri biyu, na agogo da na tun lokacin da aka kunna na'ura, da lambar kunnawar kanta, abin da ke taimakawa sosai a tsofaffin kwamfutocin da batirin agogonsu ya mutu suke farkawa da kwanan wata na bogi.

Amma tantancewar tana da rauni guda. Ban da lambobin da kanel ke bayarwa, sauran bayanan journald yana leƙa `/proc` ne, inda kanel ke nuna bayanan manhajojin da ke gudana, ya karanto su bayan saƙon ya iso. Idan manhaja ta aika saƙo ta `/dev/log` ta kuma mutu nan take, yana iya leƙawa ya tarar babu kowa, sai saƙon ya shiga ba tare da sunan aikinsa ba. Sakamakon shi ne `journalctl -u` ya ɓoye ainihin layin da ake nema, wato maganar ƙarshe kafin faɗuwa, alhali tana nan cikin rajista. Idan aiki ya mutu kuma ba a ga dalili ba, ya kamata a sake dubawa da `-t` da sunan manhajar, ko a karanta duk abin da ya shigo a wannan minti ba tare da tacewa ba.

Haka nan yana da iyakar yawan saƙo. A saitinsa na asali na yanzu, aiki ɗaya yana da damar saƙo 10000 cikin daƙiƙa 30, adadin da ke ƙaruwa gwargwadon sararin da ya rage a faifai, kuma abin da ya haura ana zubar da shi, a bar layi ɗaya mai cewa an danne saƙonni kaza. Manufar tana da kyau, domin manhajar da ta haukace ba za ta cika faifai cikin dare ɗaya ba, amma lokacin da manhaja ta fi surutu shi ne lokacin da ake gyaranta, don haka mai kunna mataki na 7 ya tuna ya ɗaga iyakar ga wannan aikin.

Duk waɗannan ƙananan abubuwa ne da ake koyo a wuce. Ba a nan gizo ke saƙar ba, a wajen ajiya yake. Idan saitin `Storage` yana kan `auto`, journald yana rubutawa a faifai ne kawai idan babban fayil ɗin `/var/log/journal` yana nan. Idan babu shi, komai yana zama a `/run/log/journal`, cikin ƙwaƙwalwar wucin gadi, kuma da an kashe na'ura an tashi a tutar babu. Debian ba ta mayar da ajiya ta dindindin ta zama ta asali ba sai a fitowa ta 11 a 2021, don haka wannan shi ne abu na farko da ya kamata a duba a kowace na'urar da aka gada, kuma `journalctl --list-boots` zai ba da amsa nan take: idan kunnawa ɗaya tak ya nuna a na'urar da ta daɗe tana aiki ana kashe ta ana kunnawa, to ba a adana komai.

Ko da ajiyar ta dindindin ce, ma'aunin da yake amfani da shi a saitinsa na asali girma ne: kashi 10 cikin 100 na faifai, amma kada ya wuce gigabayit 4, sai ya fara share mafi tsufa. Saƙonnin dukkan ayyukan tsarin a haɗe suke cikin fayiloli ɗaya, don haka ba za ka iya cewa a riƙe bayanan shiga na'ura shekara guda a riƙe na uwar garken shafi mako guda ba, kuma aiki ɗaya mai yawan surutu yana iya tura tarihin kowa waje. Fitowa ta 245 a 2020 ta kawo `LogNamespace`, wanda ke ba aiki rajistarsa ta daban, amma wannan yana nufin tayar da wani journald ɗin na biyu, kuma sai mai bincike ya tuna da shi kafin ya ga abin da ke ciki. Sannan ba a iya goge saƙo ɗaya. Idan manhaja ta yi kuskuren buga kalmar sirri ko lambar asusun wani, sai dai a juya fayil a share shi dungurungum da duk abin da ke cikinsa.

Ƙorafin da ya fi shahara a kansa shi ne fayilolinsa ba rubutu ba ne da ido zai karanta, tsari ne mai fihirisa wanda sai journalctl ke buɗewa. A ganina an zuzuta wannan ƙorafi, domin ana iya cire faifai a kai wata na'urar a karanta da `-D`, ana kuma iya fitar da komai a matsayin rubutu ko JSON. Inda ƙorafin ke da gaskiya shi ne wurin da wutar lantarki ba ta da tabbas, wanda shi ne halin da yawancinmu muke aiki a ciki. Journald yana tilasta rubutawa a faifai nan take ne kawai ga saƙonni masu mataki 0 zuwa 2; sauran yana iya jinkirta tabbatar da su har minti 5. Idan aka ɗauke wuta kuma batirin ajiya bai riƙe ba, a tashi na gaba za ka ga layi mai cewa fayil ya lalace ko ba a rufe shi da kyau ba, an sauya masa suna da alamar `~` a ƙarshe, an buɗe sabo. Yawanci journalctl yana karanta abin da ya tsira, amma `--verify` faɗa maka kawai yake yi cewa akwai ɓarna, babu umarnin gyara, kuma waɗannan fayiloli suna taruwa suna cin sarari suna rage saurin bincike, musamman a faifai mai juyawa. Fayil ɗin rubutu da wuta ta yanke layinsa na ƙarshe kawai yakan rasa. Rage `SyncIntervalSec` yana taimakawa, sai dai a ƙaramar na'ura irin Raspberry Pi mai aiki da katin ajiya, yawan rubutu yana gajarta ran katin, don haka sai an auna.

Akwai kuma hatimin da ake kafawa da `--setup-keys`, wanda ke sa a gane idan an taɓa tsohon tarihi. Dabara ce mai kyau, amma ba ta hana ɓarawon da ya sami cikakken iko share fayilolin gaba ɗaya, kuma kariya ta gaskiya ita ce kwafin saƙo ya riga ya bar na'urar.

A nan ne giɓin da na ambata ya fi fitowa fili. Na'urorin rarraba intanet, da na'urorin buga takardu, da katangun tsaro, kusan dukkansu syslog suke ji, ta tasha ta 514 ko ta 6514 idan an rufe saƙon da TLS, wato tsarin ɓoye bayanai a hanya, journald kuwa ba ya karɓa daga gare su kuma ba ya aika musu da wannan yaren. Yana da nasa kayan, systemd-journal-upload da systemd-journal-remote, masu aiki ta HTTP a tasha ta 19532, amma tsakanin journald da journald kawai suke amfani, kuma ba su kai rsyslog ko syslog-ng ƙwarewa wajen tacewa da rarraba saƙo zuwa wurare daban-daban ba. Rsyslog, wanda Gerhards ya fara a 2004, yana iya jibge saƙonni a faifai idan layin intanet ya yanke ya tura su idan ya dawo, yana kuma iya zaɓar masu muhimmanci kaɗai ya aika, abin da ke da amfani ga reshen ofis mai aiki da datar waya. Haɗa su ba wuya: ko dai a kunna `ForwardToSyslog`, ko rsyslog ya riƙa karanta rajistar da kansa ta `imjournal`, hanyar da ke riƙe guraben da journald ya tantance.

Fedora ta daina saka rsyslog kai tsaye tun fitowa ta 20 a 2013, Debian kuma ta bi sahu a fitowa ta 12 a 2023, shi ya sa wanda ya kafa sabuwar Debian zai nemi `/var/log/syslog` da `/var/log/auth.log` ya rasa, manhajojin da ke gadin ƙofar SSH, wadda ake shiga na'ura daga nesa ta cikinta, ta hanyar karanta waɗannan fayiloli, irin su fail2ban, kuma sai an gaya musu su koma karanta journald. Ga kwamfutar mutum ɗaya ko ta ɗalibi mai koyon rubuta manhaja, wannan shawara daidai ce, journald ya wadatar, abin da ya rage kawai a tabbatar ajiyar ta dindindin ce kuma a sa mai amfani cikin rukunin `systemd-journal` ko `adm` domin ya iya karanta saƙonnin tsarin. Ga uwar garken da ke riƙe kuɗin mutane ko bayanan marasa lafiya, ko wadda mai binciken asusu zai zo ya tambayi wa ya shiga watanni shida da suka wuce, ina barin manhajoji su ci gaba da rubuta wa journald, in sa `Storage=persistent`, in ƙayyade `SystemMaxUse` daidai da faifan, sannan in saka rsyslog a bayansa ya riƙa kwafe rukunin auth da authpriv da duk abin da ya kai mataki 4 ko ya fi shi tsanani zuwa wata na'ura da ke wani ɗakin, a kan wani layin wutar daban.